Wata Guda Ba Shara a Gidan Akawu

Duk wanda ya taɓa zama a benen nan ya san Akawu, ko yana so ko ba ya so. Shekara talatin da biyu ya yi a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikata, kuma a faɗarsa ko ƙyallen takarda bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Abin da ba ya faɗa shi ne babu kuma takardar da ta taɓa fita daga hannun nasa. Duk abin da aka miƙo masa sai ya ba shi lamba, ya buga hatimi, ya rubuta "a ajiye sai an duba", ya tura can ƙuryar kanta. Da ya yi ritaya aka sallame shi da agogon bango da wani tsohon hatimi da aka daina aiki da shi, ya dawo gida ya zame wa matarsa aiki.

Matar, wadda kowa ke kira Maman 'Yanbiyu duk da 'yan biyun sun girma sun kama gabansu, ɗinki take yi. Ɗakin yaran ta mayar wurin aiki, ta sa keke kusa da taga, kuma rabin matan layin ita ke musu ɗinki. Shekara ashirin da biyu suna gida na shida, a hawa na sama, tana son gidan nan kamar ranta. Mai Bene kuwa, tsohuwar da ta mallaki ginin, tana zaune a ƙasa, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Dokarta ɗaya ce tal: gargaɗi uku a rubuce, ka tattara naka ya naka. A duk shekarun nan gida na shida bai taɓa karɓar ko ɗaya ba.

Wata safiya rediyo ya kawo shiri a kan shara. Akawu ya saurari rabin farko, ya kashe, ya miƙe tsaye.

"Kin ji ko? Duniya na nutsewa cikin shara, an rasa mutum ɗaya mai tsari."

"Ai ga shi an samu," in ji ta, ba ta ko ɗago daga keke ba.

Shi dai yabo ya ji. Ya sa hula ya sauka tsakar gida, inda babban kwandon shara yake. Ya tarar da Direba na gida na huɗu yana goge takalmi, da Nas da ta dawo daga aikin asibiti, da Mai Bene a kan kujerarta. Ya yi gyaran murya irin ta taro.

"Jama'a, ku shaida. Daga yau zuwa kwana talatin, ko tsinke ba zai fito daga gidana ya shiga kwandon nan ba. Ranar cikon talatin zan tara ku a nan in koya muku yadda ake yi."

"Ni dai jakar yadi nake zuwa da ita kasuwa, in sayo daidai abin da za mu ci," in ji Nas. "Sharar da kanta take raguwa."

"Wannan ai aikin 'yan koyo ne, Malama. Ragewa? Ni kashe ta zan yi gaba ɗaya."

"Yallaɓai, ɓawon lemo fa?" in ji Direba. "Cinyewa za a riƙa yi?"

"Za a ba shi lamba."

Maman 'Yanbiyu tana jin su daga taga. Abin haushin shi ne ita ta daɗe tana wannan tattalin ba tare da ta tara kowa ba. Ragowar yadi ta cusa a matashi, gwangwanin madara ya zama gidan maɓallai, tsohuwar riga ta koma tsumman goge ƙasa. Shekara da shekaru mijin nata yana kiran wannan tarkacen mata.

Da rana ya dawo daga kasuwa da sababbin buhuna arba'in, da katin maƙalawa, da alƙaluma kala huɗu, da ƙatuwar rajista mai baƙin bango, kowanne a cikin ledarsa.

"Malam, sharar ce ta yi mana kaɗan ka je ka sayo ƙari?"

"Kayan aiki ne."

"Ledojin da ka zubo su a ciki fa?"

Ya dube su, sannan ya buɗe rajista. "Buhu na ɗaya."

Haka aka fara. Kwalba buhunta daban, gwangwani daban, takarda daban, ɓawon ƙwai daban. Kowane buhu ya cika sai a ɗaure bakinsa, a maƙala kati, a rubuta lamba da kwanan wata da abin da ke ciki, Akawu ya sa hannu ya buga hatimi. Sai kuma a jingine shi a ɗakin ɗinki, wai na ɗan lokaci. Ta tambaye shi me za a yi da su daga baya, ya ce ana nazari. A wurin aiki, in ana nazari, akwai wani na sama da zai yanke hukunci wata rana. A nan gidan babu kowa a sama sai kwanon rufi.

Kwana na biyar ya waiwayi ruwa. Ya ce ruwan wanke-wanke dukiya ce da jahilai ke zubarwa. Ya jona tiyo daga kicin, ya bi da shi ta falo har baranda, ya yanka gorunan roba ya shuka albasa a ciki. Albasar ta sha iya shanta, sauran ruwan ya nemi hanya ya gangara ƙasa, daidai kan fararen rigunan aikin Direba da ke shanye a barandarsa.

Direba ya hawo da riga ɗaya a hannu, ta yi ja-ja da mai da tumatir.

"Yallaɓai, ga rigata ta riga ni cin abincin gidanka."

"Ba a kawo min ƙorafi da baki," in ji Akawu, yana daga zaune. "Ka je ka rubuto."

Direba mutum ne mai bin umarni. Ya je ya rubuta, shafi guda cur, ya kai wa Mai Bene. Kafin la'asar gargaɗi na ɗaya ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Maman 'Yanbiyu ta karanta. Akawu ya karɓa, ya yaba kyawun rubutun, ya ba shi lamba, ya jefa a buhun takardu.

Sai maganar taki. Rediyo ya ce ragowar abinci na zama taki, kuma da Akawu ya bari an kai ƙarshen shirin da ya ji cewa ana haɗawa da busasshen ganye, ana juyawa, ana barin iska ta shiga. Shi ya samo bokiti mai murfi, ya zuba kan kifi da ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen tumatir, ya danne murfin, ya naɗe da salatif don kada wani ya taɓa masa, ya ajiye a kan matakala inda rana ke duka. Kwana tara bokitin yana kumbura a hankali. A na goma murfin ya yi tsalle ya bugi silin.

Ƙudajen unguwa suka samu labari kafin mutanen gidan. Nas ta hawo tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Shekara goma sha biyar ina aikin asibiti, Baba Akawu, ban taɓa jin irin wannan ba."

"Alamar yana aiki ke nan," ya ce, idanunsa na hawaye. "Taki in bai yi haka ba, ba na ƙwarai ba ne."

"To wannan na ƙwarai ne. Allah ya sa albarka."

A ranar wata malamar makaranta ta zo gwada rigarta, ta tsaya a hawa na biyu, ta ce a miƙo mata yadinta haka nan ko ba a gama ba. Washegari mata biyu suka aiko a ba su nasu. Wannan karon ba wanda ya rubuta komai, hancin Mai Bene ne ya kai mata rahoto. Gargaɗi na biyu ya iso, gajere, layi biyu.

Maman 'Yanbiyu ta rufe ƙofa ta tsaya a gabansa. Tsoro ne ya kama ta sosai, don ta san in suka bar gidan nan, sun bar masu kawo mata ɗinki, sun bar tagarta, kuma ba ta ga inda za ta soma daga farko da furfura a kai ba.

"Malam, saura ɗaya. Ka ji ni? Ɗaya. Don girman Allah ka fitar da kayan nan."

"Saura kwana goma sha ɗaya," ya gyara mata. "Kina so a ce Akawu ya fara abu bai kai ƙarshe ba?"

"Wane abu ka taɓa kaiwa ƙarshe?"

"Ba a kai ni ƙara ba ko sau ɗaya."

Ya shigo da bokitin cikin gida, ya ce an janye shi daga idon jama'a.

Da ta ga magana ba ta ci, sai ta koma dabara. Ranar da motar shara ke zuwa, ta jira ya shiga wanka, wanda yanzu a tsaye cikin baho yake yi don a tara ruwan. Ta sungumi buhu ɗaya mafi wari, ta sauka da shi a guje, ta miƙa wa mai kwashe shara. Ta manta da wa take aure. Yana fitowa ya ɗauki rajista ya hau kiran lamba kamar kullum.

"Sha biyar. Sha shida. Sha takwas." Ya tsaya. "Ina sha bakwai?"

"Wataƙila ya gaji ya tafi."

Ya leƙa taga, ya hango motar tana shirin tashi. Mutumin da ke hawa matakala yana hutawa sau biyu, sai ga shi ya sauka kamar an jefo shi, daga shi sai singileti da tawul, rajista a hammata. Ya bi motar har bakin titi yana bugun ƙarfenta, ya sa aka tsaya, aka tono buhu na sha bakwai daga ƙasan sharar layi guda.

"Baba," in ji mai kwashe sharar, "tun da na fara aikin nan yau ne aka fara ƙwace min shara."

"An fitar da shi ba bisa ƙa'ida ba."

Ya dawo da buhun a kafaɗa, mutanen bene duk suna baranda suna kallo. Ya ɗaga musu hannu ya ce atisaye ne.

Ana saura kwana biyu taro, buhuna sun kai talatin da ɗaya. Keken ɗinki ya ɓace a tsakaninsu, sai ta hau kan na tara take isa wurin zare. Ta ce masa in buhunan nan suka kwana biyu a ɗakinta, ita da kanta za ta tashi a gaban jama'a ta faɗi inda sharar take. Shi ma ya tuna cewa baƙi na iya cewa za su hau su gani. Da ta fita kai ɗinki, ta dawo ta tarar da ɗaki fes, an share har ƙarƙashin keke.

"Ina suke?"

"An yi musu canjin wurin aiki."

Ƙofar baranda a kulle, makulli a aljihunsa. Ta sauka tsakar gida ta ɗaga kai. Babban zanin gadonta, wanda take ajiye wa baƙi, an ninke shi biyu an rataye a jikin ƙarfen baranda ta waje, ya yi tulu-tulu kamar mai ciki wata tara. Wata igiya mai kala-kala, wadda ya kwana uku yana tufkawa da tsofaffin ledoji, ta sauko daga can har ƙasa. Ta tambaye shi, ya ce taken shirinsa ne ya rubuta da fenti a cikin zanin, za a buɗe ranar taro. Kumburin kuma iska ce.

Ranar Asabar da yamma aka jera kujeru a tsakar gida. Kowa ya zo, har da mutanen gidan da ke fuskantar nasu, don labarin tawul ya zaga layi. Akawu ya fito da kwat ɗin da ya yi ritaya da ita, ya yi jawabi na minti arba'in a kan tsari da kishin ƙasa da lalacin mutanen zamani. Ya ambaci jakar yadin Nas a matsayin ƙoƙarin masu ƙaramin ƙarfi. Daga ƙarshe ya zaro wata 'yar kwalbar zuma daga aljihu ya ɗaga sama. A ciki akwai murfin kwalba ɗaya, da karyayyar allura, da mataccen batir.

"Wannan ita ce sharar gidana ta wata guda. Allurar ma ba tawa ba ce."

Aka ɗan tafa. Wani ɗigo ya sauka a kafaɗar Direba. Ya dubi sama, babu ko gajimare. Ya shinshina kafaɗar, ya ja kujerarsa baya.

Maman 'Yanbiyu ma ta ɗaga kai, ta ga wani tabo ruwan ƙasa yana faɗi a jikin zanin gadonta. Ta matso kusa da mijin ta yi ƙasa da murya.

"Malam, kada a ja igiyar nan. Ka ce an ɗage."

"Ki koma ki zauna, ana aikin hukuma." Ya juya da murmushi. "Hajiya, ke ce uwar gidan nan. Ki taso ki buɗe mana."

Mai Bene ta tashi a hankali, ta tako har gindin bango, ta kama igiyar ta jujjuya ta.

"Da leda ka yi wannan?"

"Da hannuna, Hajiya. Kuma igiya ɗaya ce ke aiki biyu. Wannan shi ake kira tattali."

"Biyu?" in ji Direba. "Wane ne na biyun, Yallaɓai?"

Amsar ta zo daga sama, don Hajiya ta riga ta ja. Ƙullin da ya riƙe zanin shi ne ƙullin da ya riƙe buhunan. Zani ya warware, mutane suka samu damar karanta GIDA BA SHARA na ɗan ƙiftawar ido, sannan buhu na farko ya biyo baya. Suka riƙa saukowa bi da bi, wani ya fashe a ƙasa, wani tun a hanya ya buɗe baki. Gwangwanaye suka bi tsakar gida suna ƙara, takardu suka tashi sama, ɓawon ƙwai ya sauka a kan jama'a. Aka watse, kujeru suka kife. Mai Bene da ke maƙale da bango ko ƙura ba ta taɓa ta ba, tana tsaye da guntun igiya a hannu. Da aka ɗauka an gama, sai bokitin taki ya iso daga ƙarshe, ya sauka daram a kan kujerar da ta tashi daga kai.

Tsakar gida ta yi tsit, ban da wani gwangwani da ke ta juyawa shi kaɗai.

"Wannan aikin maƙiya ne," in ji Akawu, muryarsa ta siranta. "An ɗora min. Ni ban san kayan nan ba."

Direba ya sunkuya ya tsinko kati daga bakin wani buhu, ya karanta da ƙarfi yadda na baya za su ji.

"Buhu na ashirin da uku. Kan kifi da ɓawon ƙwai. Gida na shida. Ga sa hannu, ga hatimi." Ya ɗauko wani. "Na sha bakwai. An fitar ba bisa ƙa'ida ba, an dawo da shi." Ya dubi Akawu. "Kai, maƙiyan nan sun iya rubutunka, Yallaɓai."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Maman 'Yanbiyu ba ta yi ba. Tana kallon Mai Bene, wadda ta yar da igiyar, ta shiga ɗakinta, ta fito da takarda ta miƙa wa Akawu. Ba sai an karanta ba. Shi ke nan, gida ya tafi. Maman 'Yanbiyu ta ga in ta ci gaba da tsayuwa kuka za ta yi a gaban mutane, don haka ta ɗauko tsintsiya.

Ta fara da kwalabe, ta ware su gefe guda don mai sayen kwalba. Nas ta naɗe hannun riga ta kama tara takardu. Direba ya kawo shebur yana ta mita. Akawu yana tsaye a tsakiya da kwalbarsa a hannu ɗaya, takardar gargaɗi a ɗayan, ƙayar kifi a kan hula.

Mai Bene ta sa aka kawo mata wata kujerar, ta zauna tana kallo. Can ta yafito Maman 'Yanbiyu. Ta zo ta rusuna.

"Hajiya, ba zan ce ki yi haƙuri ba. Na san doka."

"Doka tana nan. Wanda sunansa ke kan takardar haya ya cika uku, ya fita." Tsohuwar ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin mayafi. "Gida na shida yanzu ba kowa. Ina neman mai haya da ta san inda ake kai shara. Ke ban taɓa rubuta miki komai ba. Kina so?"

Maman 'Yanbiyu ta dubi takardar, wurin suna a buɗe. Ta goge hannu a zani, ta karɓi biro, ta ɗora takardar a gwiwa ta rubuta sunanta.

"Shi fa, Hajiya?"

"Baƙonki ne. Kowane ɗan haya ina barinsa ya ajiye tarkace ɗaya, in dai ba ya ɗiga a kan mutane."

Duk tsakar gidan ta ji. Akawu ma ya ji. Maman 'Yanbiyu ta waiwaya ta dube shi, sai ta ga ya tsufa a cikin kwat ɗin nan, tausayinsa ya kama ta, amma ba irin tausayin da zai hana shi shara ba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya juyo wajen jama'a.

"To, kamar yadda kuka gani, dama manufar wannan gwaji ita ce a nuna wa..."

"Malam," in ji ta, ta miƙa masa tsintsiya. "A gidana baƙo ba ya jawabi. Fara daga wajen bokitin."

Ya dubi tsintsiyar, ya dubi takardar da ke hannunta. Ya ajiye kwalbar a ƙasa, ya karɓa, ya nufi wajen bokitin.